Goɗiyar Nan Ba Ta Yanka Ba Ce

Kara-Bulak, farkon Nuwamba

Zuwa ga Burul, matar ƙanena.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ya aikin asibiti, ya ƙarin haƙurinmu. Mu nan lafiya, sai sanyi da ya shigo da wuri. Matata Anipa tana gaishe ki.

Dattawa sun zauna, an tsayar da sadakar shekarar mijinki Esenbek ranar Juma'ar tsakiyar Disamba. Dokin yanka yana turke, itace da fulawa duk na tanada. Ke dai ki taho da ganyen shayi da alewa, ki hau motar haya kamar kowa.

Dutsen kabarin da kika sa aka sassaƙa, ki bar shi wurin masassaƙin sai bazara. Gindin siminti mun zuba tun kaka, ba inda zai je. Babu direban hayar da zai ɗauki dutse ya hau tsaunin Dolon a wannan wata.

Sai maganar mota. Kin san al'adar iyayenmu. Namiji in ya rasu, a datse wa dokinsa wutsiya a sake shi, ba mai hawansa har shekara, ranar sadaka kuma ya bar gidan. Esenbek bai bar doki ba, ya bar wannan baƙar motar da ya koro da hannunsa tun daga Jamus, ya raɗa mata Goɗiya. Kin kyauta da kika lulluɓe ta shekara guda ba ki taɓa ba. To yanzu lokacinta ya yi. Ki zo mini da makulli da takardunta, in ƙanƙara ta narke zan aiko a ɗauka.

Kada ki ce na yi miki ƙwace. Motar 'yan gayu ce, cikinta na jan ƙasa, ƙafafun baya kaɗai ke tura ta, ga ta da shan dizal, man da ke daskarewa in sanyi ya tsananta. A kan Dolon gashin kaina ya yi fari ina jan manyan motoci, na san irinta. Tun yana da rai na faɗa masa ba zan shiga ba, ban kuma taɓa shiga ba.

Wassalam. Yayan mijinki,
Toktosun

*

Bishkek, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Yaya Babba, tare da girmamawa.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku, ina gaida Yaya Anipa da yara da duk mutanen gida. Wasiƙarku ta iso hannun direban haya, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah ya saka da alheri kan hidimar sadaka, ya sa ta isar masa.

Yaya, tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa kama sunanku ba, ban taɓa zama sama da ku ba, ban taɓa mayar muku da magana ba. Ku yi mini afuwa yau, magana ɗaya zan mayar. Ba zan kawo makulli a aljihu ba. A jikin motar zan kawo shi, ni ce kuma zan tuƙo ta.

Ƙaninku bai bar mini ɗa ba, Allah bai ba mu ba, kun sani. Gidan da muke ciki na haya ne. Abin da ya bar mini shi ne wannan mota da iya tuƙa ta. Kowane hunturu sai ya kai ni filin da ke bayan masana'antar bulo in ƙanƙara ta kwanta, ya sa ni in karkata sitiyari har bayanta ya zame, yana zaune a gefe yana cin 'ya'yan kabewa yana cewa, "Kar ki taka birki, Burul, lallaɓa ta, mace ce 'yar'uwarki." Na yi kuka a filin nan, na yi zagi, har na iya. Goɗiyar nan ba ta yanka ba ce, ba ta kyauta ba ce kuma.

Na yaye mata rufi ranar Lahadi. An sa sabon batir, an zubar da tsohon mai, na sayi dizal na hunturu. Na je kasuwar taya, mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, biyu sun ishe ki, ki sa a baya tunda su ke turawa, haka kowa ke yi." Na ce to na gaban fa, da addu'a za su karya kwana? Huɗu na saya, masu ƙusa, kamar yadda ƙaninku yake yi.

Dutsen kuma da shi zan zo. Mutum ya shekara kwance ba suna a kansa, ba zan ƙara masa wani hunturun ba.

Ku gafarce ni in na zarce. Allah ya ƙara girma.

Matar ƙaninku,
Burul

*

Novosibirsk, ƙarshen Nuwamba

Jenge tawa, matar yayana, abar ƙaunata!

Salamu alaikum. Ya kike, ya kaɗaici? Ni ina nan a rumfar kasuwa ina sayar wa Rashawa safa, cikina ya yi gaba ni ina biye. Likita ya hana ni tafiya, sadakar yayana za a yi ba ni, kullum na tuna sai na yi hawaye a cikin kwalin safa.

Ke Jenge! Me kika rubuta wa Yaya Toktosun? Anipa ta aiko mini da labari, wai ya karanta ya tashi ya fita ba hula, ya zaga garken tumaki ya dawo ya sake karantawa. Wai har shayi ya ƙi sha. Yaya fa! Mutumin da ke shanye buta guda kafin a kawo burodi. Wallahi na yi dariya har abin cikina ya harbe ni.

Bari in tsegunta miki abin da bai faɗa miki ba. Ya riga ya yi magana da wani mahauci a Narin, za a ba shi Goɗiya ya ba da ƙaramar jif irin ta Rasha, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai da igiya. An tafa hannu, an sha shayi a kai. Shi ya sa maganarki ta tsaya masa a wuya, don bai san da wane ido zai dubi mahaucin ba.

Amma tsakani da Allah, Jenge, ba haɗama ce kawai ba. Kin san shi, ƙato ne kamar bijimi amma zuciyarsa ta ɗan rago. Gawar direbobi nawa ya ciro da hannunsa daga ramin Dolon? Ya binne ƙani bara, tsoro yake kada ya binne matar ƙani bana, sai dai bakinsa bai iya faɗin haka ba, faɗa kawai ya iya.

Ni ma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma in kin fasa zan ji haushi. Ki je! Ki sa safa biyu, na aiko miki da masu kauri. Kada ki sayi man kwalba a bakin hanyar Kochkor, ruwa suke haɗawa.

Ki rubuto mini komai, har yadda fuskar Yaya za ta yi.

Ƙanwar mijinki mai sonki,
Sairagul

*

Kara-Bulak, farkon Disamba

Burul,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Na ga taurin kan ƙanena bai bi shi kabari ba, a wurinki ya bar shi. To ji sharaɗina, na faɗa a gaban dattawa. In motar nan ta kai dutsen bakin kabari da ƙafafunta kafin a shafa addu'a ranar Juma'a, ba a ja ta da igiya ba, ba a ɗora ta a kan wata motar ba, taki ce, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In ta gaza, ko da a ƙofar gidana ne, makulli ya zauna.

Dusar ƙanƙara ta zuba jiya har gwiwa. Na faɗa miki.

Wassalam,
Toktosun

*

Kara-Bulak, Asabar bayan sadaka

'Yar gatan gidanmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da baƙon da ke tafe, Allah ya sauke ki lafiya. Safarki ta yi aiki. Ina rubuta miki a ɗakin girki, Yaya Anipa na tace romo, hannuna duk maiƙon doki ne, ki yi haƙuri da takardar.

An yi sadaka. Dutsen yayanki yana tsaye a kansa. Bari in ba ki daga farko.

Ranar Laraba masassaƙi da ƙattinsa suka ɗora mini dutsen a but, na naɗe shi da shimfiɗar gashin tumaki, fuskar yayanki da aka zana tana sama. Bayan motar ya zauna ƙasa sosai. Masassaƙin ya kama baki ya ce, "Wannan nauyin zai kashe ki a hawa." Ni kuwa na tuna abin da shi bai sani ba. Kowane hunturu yayanki buhunan yashi yake jibgawa a but. Motar da ƙafafun baya ke turawa, in ba nauyi a kansu sai su yi ta juyi a banza a kan ƙanƙara. Bana ban nemi yashi ba.

Na tashi Alhamis da sassafe. Har Kochkor lafiya lau, sai dai ƙusoshin tayar suna ta ƙara a kan kwalta kamar ana suyar gyaɗa. Na tsaya na sha shayi, wasu direbobin manyan motoci suka zagaye Goɗiya. Ɗaya ya ce, "Baiwar Allah, ina mijin, bacci yake a baya?" Na ce, "Eh, yana but." Ya yi dariya, na buɗe masa. Ke 'yar gata, da kin ga yadda ya cire hula! Su duka suka ɗaga hannu suka yi masa fatiha a bakin hanya, mai tsokanar ya tsuguna ya duba mini iskar taya ba tare da na roƙa ba.

Dolon kuwa, ke dai bari. Fari fat, ba ki gane hanya da rami sai da sandunan gefe. Na sa giya ta biyu na ƙi fita daga cikinta. Wannan inji na dizal ba ya ihu, gurnani kawai yake yana ja a hankali, abin da ake so ke nan a kan santsi. Na wuce wata jif mai ƙafa huɗu ta faɗa kwata da tayar rani, mai ita yana tsaye da rigar fata yana kallona baki buɗe. A kwana ta kusa da ƙarshe bayanta ya zame, na ga ramin ta tagar gefe, ƙafata ta tafi birki da kanta. Sai na ji muryar yayanki a kunnena tana cewa lallaɓa ta. Na ɗage ƙafar, na bi ta da sitiyari, na ji ƙafafun baya sun ciji ƙasa, ta miƙe. Nauyinsa ne ya danne su, Sairagul. Da na kai sama na tsaya, na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Na shigo Kara-Bulak da la'asar. Yaya yana tsaye a ƙofa, hannu a baya. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya zaga motar, ya shuri taya ɗaya, ya ce, "Ba a kai kabari ba tukuna." Na roƙi a bar ni in sa ta cikin ɗakin tumaki ta kwana da ɗumi. Ya ce, "Tumakina ba su saba kwana da Bajamushe ba." A waje ta kwana.

Juma'a gari ya waye da sanyin da ke manne gashin hanci. Na murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Na sake, haka. Man hunturun Bishkek ashe na rani ne a nan, ya kafe kamar man shanu. Baƙi sun fara isowa, maza sun taru suna kallo, har da mahaucin Narin da ya zo ganin kayansa.

Sai ga Yaya da shebur cike da garwashi. Ba mugunta ya nufa ba, na rantse, na ga fuskarsa. Ya ce, "Matsa, in tayar miki da ita, kada a ce na ci ki da sanyi." Haka suke yi wa manyan motoci tun yana saurayi, a hura wuta ƙarƙashin tanki har man ya narke. Amma tankinsu na ƙarfe ne. Na Goɗiya na roba ne, kuma dutsen yana bisa kansa.

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, za ta kama da wuta."

Ya ce, "Ke za ki koya mini dizal?"

Ya sunkuya zai tura shebur ɗin. Ban san lokacin da na zauna daɓas a kan ƙanƙara tsakaninsa da motar ba, da sabuwar rigata ta sadaka. Na ce, "To ku fara da ni. Kun ce in kai shi kabari, ba ku ce in ƙona shi a ƙofar gida ba." A gaban dattawa fa! Garwashin yana ta huci a shebur. Kunya ta rufe ni, amma ban tashi ba.

Yaya Anipa ce ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi mijinta ta ce, "Mayar mini da wutata ƙarƙashin tukunya, nama bai nuna ba." Ta juya ta ƙwala wa mata kira. Ke, da kin gani! Matan da suka zo murza taliya, tsofaffi da zannuwa da takalman gashi, suka dafa Goɗiya suna turawa suna "Bismillah, hai!" Yaya ya ce an karya sharaɗi. Anipa ta ce, "Igiya ka ce. Ka ga igiya?" Wani dattijo ya tuntsire da dariya.

Muka shigar da ita tsakiyar tumaki muka rufe ƙofa. Muka lulluɓe ta da shimfiɗu, na jera kwalaben ruwan zafi a jikin matatar mai da bututunta, in sun huce a canzo. Na tsiyaya kananzir kaɗan a tanki daga fitilar Anipa. Tumaki suka kewaye ta suna hura mata numfashi, wani rago har ya hau but ya kwanta a kan yayanki. Na ce bar shi, dama shi mai son dabbobi ne.

Rana ta kusa tsaka liman ya aiko a fito. Na shiga na zauna, na jira fitilar ɗumama inji ta mutu, na murɗa. Ta yi tari, ta yi tari, ta girgiza, sai ta kama da wani baƙin hayaƙi da ya watsa tumakin duka. Mata suka ɗau shewa, sai suka tuna sadaka ake, suka toshe baki.

Da ƙafafunta ta hau tudun maƙabarta, maza suna biye a ƙasa. Yaya ne ya fara sa hannu a dutsen. Da ya yaye shimfiɗar ya ga fuskar ƙaninsa, da wannan murmushin nasa na gefe ɗaya, sai ya tsaya ya kasa ɗagawa. Ya share ido da bayan hannu ya ce iska ce. Aka kafa, aka shafa addu'a. Mahaucin ya ci namansa ya tafi ba sallama.

Amma ba a gama ba. Da na sauko daga tudun ba kowa a but, sai na ji motar ta zama wata daban, bayanta na rawa kamar ɗan maraƙi. Ba sai an gaya mini ba, na san dalili, kuma dalilin ya fi santsin yi mini ciwo. Yaya ma ya gani. Yau da safe ya ce, "Taki ce, na faɗa. Amma ki bar ta nan sai bazara. Wanda ya hau da ke ya sauka." Na nemi yashi, kogi ya daskare, ƙasa kamar ƙarfe. Na nemi buhun sha'ir ko biyu, ya ce na dabbobi ne, ya sa makullin rumbu a aljihu. An ƙara zuba dusar ƙanƙara jiya.

In na bar ta nan sai bazara, na san ba zan sake ganinta a ƙofata ba, yau a ce taya, gobe a ce hanya. Litinin ina da aiki. Gobe zan tafi da ita, da nauyi ko ba nauyi. Na faɗa masa, ido cikin ido, karo na farko a rayuwata. Ya juya ya fita wajen tumaki.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida mijinki.

Jengenki,
Burul

*

Bishkek, Litinin

Sairagul,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi.

Kada ki ga sunan gari a sama ki fara surutu. Matar yayanki ta iso gida lafiya, ta tafi aiki, ni ina jiran motar haya in koma.

Sha'ir ɗina ba zai bar rumbu ba, na faɗa. Amma but ba komai, Dolon kuma ba ya wasa. Na duba gidan kaf, babu abin da ya kai dutsen nan nauyi sai ni. Na zauna a kujerar baya, daidai kan ƙafafun da ke turawa. A matsayin kaya na shiga, ki gaya wa duk wanda ya tambaya.

Ba ta taka birki inda bai kamata ba ko sau ɗaya. Esenbek ya koyar.

A kujerar har yanzu akwai ɓawon 'ya'yan kabewarsa a lungu. Na ce mata kada ta share.

Wassalam. Yayanki,
Toktosun